Imel ko WhatsApp: wanne ya fi dacewa da aikin ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin rarraba takin zamani da iri da maganin feshi. Ofishinmu yana Kano, muna da sito biyu a wasu garuruwan, ma'aikata kuma sun kai 40 har da direbobi. Mun biya kuɗi an buɗe wa kowa imel da sunan kamfani, amma ban da ni da akanta ba mai leƙawa. Komai a guruf ɗin WhatsApp ake yi. Yanzu ɗana ya kawo shawarar mu yi watsi da imel ɗin gaba ɗaya mu koma manhajar hirar ofis irin su Slack ko Microsoft Teams. Wanne ya fi, kuma akwai dalilin da zai sa in ci gaba da biyan kuɗin abin da ba a amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kada ki rufe imel ɗin, kuma kada ki ɗauki sanda a kan WhatsApp. Shawarar yaron naki tana da ƙamshin gaskiya, sai dai gefe ɗaya na matsalar ta taɓa. Sana'ata ita ce shirya wa ofisoshi hanyoyin sadarwa, kuma abin da kika bayyana shi nake tararwa kusan duk inda na shiga: imel an biya kuɗi yana barci, guruf kuma ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Bari in fara ba ma'aikatanki gaskiyarsu, don suna da ita. Direban da tayarsa ta fashe a hanyar Funtuwa, mota shaƙe da taki, ba zai tsaya neman kan saƙo da gaisuwar Turanci ba. Hoton tayar zai ɗauka, ya danna ya yi magana da Hausa ta daƙiƙa 20, ya tura. Kafin minti biyu manaja ya ji, ɗan sito ya ji ya sallami 'yan dakon da ke jiran sauke kaya, akanta ya tura kuɗin faci. Saƙo ɗaya ya sallami mutum uku. Saƙon murya kuwa a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikin mutum 40 ɗin nan akwai wanda karatunsa na allo ne, akwai wanda ya yi boko amma yana jin kunyar Turancinsa, kuma imel a ƙasar nan da Turanci da ƙa'idar ofis ya zo mana. Wanda zai yi gumi kafin ya haɗa layi uku a rubuce, in ka ba shi dama ya yi magana sai ya ba ka rahoto cikakke, har da abin da ba ka tambaya ba.

Fa'ida ta biyu ita ce magana a fili. In manaja ya amsa wa mutum ɗaya tambaya a imel, amsar ta maƙale a akwatin mutum biyu, gobe wani ya sake tambayar. A guruf kowa ya gani, kowa ya ƙaru. Slack da Teams sun fi WhatsApp a nan, domin kowane aiki ana ware masa zaurensa, sabon ma'aikaci yana iya komawa baya ya karanta yadda aka yi bara, ya bincika da kalma ɗaya ya samu abin da yake nema.

Kuma ba mu muka fara gajiya da imel ba. A 2012 cibiyar bincike ta McKinsey ta ƙiyasta cewa ma'aikacin ofis yana ƙarar da kusan kashi 28 cikin 100 na makon aikinsa wajen karanta imel da amsawa. A Nuwamban 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce a hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ya faɗa akwatin ma'aikata kusan 840,000, mutane suka yi ta amsawa zuwa ga kowa da kowa suna cewa a cire su, har tsarin ya cushe. Kafin nan, a 2011, Thierry Breton, shugaban kamfanin Atos na Faransa a lokacin, ya yi shelar cewa cikin shekara uku za su daina tura wa juna imel a cikin gida kwata-kwata. Suka sayi wani kamfani mai suna blueKiwi don manhajarsa ta maye gurbin. Imel ɗin ya ragu ƙwarai, amma bai mutu ba, kuma tun farko ma ba su sa hulɗa da mutanen waje a lissafin ba. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa. Ita Slack a 2013 ta fito, daga hannun Stewart Butterfield da abokan aikinsa, bayan wasan kwamfutar da suke ginawa ya gaza. Manhajar da suka haɗa don hira a tsakaninsu ita ta zama haja.  Microsoft kuma ya fito da Teams a 2017.

To ina matsalar take? Ki buɗe guruf ɗinku ranar Juma'a da safe ki duba da idon baƙo. Tun asuba an fara barka da Juma'a, hoton masallaci, fure mai ƙyalƙyali. Wani ya sanar da rasuwar kawunsa, addu'o'i sun biyo baya a jere, mutum 30 kowa da tasa, kuma haka ya kamata. A tsakiyar wannan sai manajan ciniki ya jefo saƙon murya na minti huɗu, ya fara da gaisuwa da ban gajiya, a minti na uku ya ce daga yau an ƙara naira 2,000 a kan buhun yuriya. Bayansa wani ya turo bidiyon wa'azi. Ɗan sito yana can yana lodi, ya buɗe waya da hannu ɗaya, ya ga saƙo 70 ba a karanta ba, ya gungura ƙasa ya mayar da ita aljihu. Ya wuni yana sayarwa a tsohon farashi. Da yamma manaja zai ce ai na faɗa a guruf, ga shaida ya buɗe. Ɗan sito zai ce wallahi bai ji ba. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Bayan wata uku kuma, in kina son sanin ranar da aka canja farashin, ba ki da kalmar da za ki bincika, sai dai ki zauna ki saurari muryoyi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma katse hankali. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta yi wani gwaji da aka wallafa a 2012: an raba ma'aikata 13 da imel na kwana biyar, an sa musu na'urar auna bugun zuciya. Sai aka ga sun fi daɗewa a kan aiki ɗaya ba tare da tsalle-tsalle ba, alamun damuwa kuma sun ragu. Masu tallan manhajojin hira suna son kawo irin wannan a matsayin hujjar a bar imel. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne katsewar ce illar, kuma manhajar hira ta fi imel katse mutum nesa ba kusa ba. Imel yana haƙuri har azahar. Saƙon guruf kuwa, musamman in daga wurinki ya fito, kowa ya san an ga yana kan layi, dole ya ajiye abin da yake yi. Akantan da ke haɗa lissafin ƙarshen wata, waya na ƙara kowane minti biyar, kada ki yi mamaki in sifili ɗaya ya ɓace masa.

Amma duk waɗannan ƙananan dalilai ne. Babban dalilin da ya sa na ce ki riƙe imel shi ne tambayar da masu kamfani ba su cika yi ba sai ranar da abu ya ɓaci: maganganun nan da ake yi, a hannun wa suke?

Asusun WhatsApp na lambar waya ne, lambar kuma ta ma'aikaci ce. Ranar da manajan cinikinki ya ajiye aiki, ko kuka rabu ba daɗi, zai fita da lambobin dilolinki, da farashin da aka yi wa kowanne, da alkawuran da ya ɗauka da sunanki, da hotunan rasit. Ko kin cire shi daga guruf, abin da ya riga ya shiga wayarsa yana nan. Dilolin kuma lambarsa suka sani, shi za su ci gaba da kira. Na ga kamfanin da ya wayi gari bai san adadin bashin da yake bin mutane ba, saboda duk cinikin a wayar yaro ɗaya aka ƙulla, wayar kuma an fizge ta a cikin adaidaita, ba a taɓa adana hirarrakin a ko'ina ba. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo ta yadda daga mai turawa sai mai karɓa ke iya karantawa. Wannan kariya ce mai kyau, amma ma'anarta a wurinki ita ce kamfani ba shi da kwafi. Ƙari a kan haka, mutum yana iya goge saƙo daga wayar kowa har kusan kwana biyu bayan ya tura, yana iya gyara shi cikin minti 15, yana iya saita hira ta riƙa ɓacewa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Imel mai sunan kamfani kuwa naki ne. Mutum ya tafi, a rufe masa ƙofa a ranar, akwatin ya zauna, a juya saƙonninsa zuwa ga wanda ya gaje shi. Ki lura, imel mai sunan kamfani na ce. In ma'aikaci yana aikinki da Gmail ɗinsa na kansa, ba ki tsira daga komai ba.

Manyan bankunan Amurka sun biya kuɗin wannan darasi da tsada. A Disambar 2021 hukumomin da ke sa ido kan kasuwannin kuɗi suka ci tarar bankin JPMorgan dala miliyan 200, saboda ma'aikatansa, har da manya, suna maganar aiki a WhatsApp da wayoyinsu na kansu, inda bankin ba ya iya adanawa kamar yadda doka ta wajabta. A Satumbar 2022 hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, ta ci tarar wasu kamfanoni 16, ciki har da Goldman Sachs da Morgan Stanley da Citigroup, sama da dala biliyan 1.1 a kan laifi iri ɗaya. Tarar ba ta zamba ba ce, ta rashin ajiye magana ce. A Birtaniya, saƙonnin WhatsApp sama da 100,000 na tsohon ministan lafiya Matt Hancock, na lokacin korona, sun faɗa hannun jaridar Telegraph a farkon 2023. A Maris ɗin 2025 kuma aka saka editan mujallar The Atlantic bisa kuskure a wani guruf na manhajar hira ta Signal inda manyan jami'an gwamnatin Amurka ke tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi a Yaman. In irin waɗannan za su saka baƙo a guruf ba su ankara ba, ina ga admin ɗinki da ke da Musa huɗu a waya.

Ta fuskar shari'a, kada wani ya ce miki hirar waya ba hujja ba ce. Sashe na 84 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, in an cika sharuɗɗan tabbatar da na'urar da yadda aka fitar da bayanin. A Kanada ma, a 2023, wata kotu a lardin Saskatchewan ta ɗauki alamar babban yatsa da wani manomi ya tura a waya a matsayin amincewa da kwangila, ta ce ya biya sama da dalar Kanada 82,000 don bai kawo kayan ba. Wato ma'aikacinki yana iya ɗaure kamfaninki da alamar yatsa, ke kuma ba ki da kwafin abin da ya amince da shi. Imel yana ɗauke da bayanan hanyar da ya bi da lokacin da ya isa, ya fi hoton hira wahalar musantawa. Bayani dalla-dalla kan wannan sai lauyanki. Haka nan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani nauyin bayanan mutane da ke hannunsa, don haka jefa katin NIN ɗin dila ko lambar asusunsa a guruf mai mutum 40 abu ne da ya kamata a daina tun yau.

Maganar Atos da na ce ki riƙe: tsarin imel ba mallakar wani kamfani ɗaya ba ne, shi ya sa da shi ake hulɗa da mutanen waje. Tun da Ray Tomlinson ya tura saƙo tsakanin kwamfutoci biyu a 1971, aka kuma tsara ƙa'idar aikawa a 1982, mai Gmail yana rubuta wa mai Outlook ba shamaki. Mai Slack kuwa ba ya aika wa mai WhatsApp. Banki, hukumar haraji, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kamfanin da kike sayen maganin feshi a wurinsa daga waje, duk adireshin imel za su tambaye ki. Ranar 4 ga Oktoban 2021 da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, ofisoshin da suka jingina da guruf kaɗai zaman jira suka yi.

Shi ma imel yana da nasa ramin, kuma mai zurfi ne. 'Yan damfara suna shiga akwatin wani ko su ƙirƙiri adireshi mai kama da nasa, su rubuto cewa an canja lambar asusu, a biya nan. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai an kai mata ƙorafin asarar kusan dala biliyan 2.9 ta wannan hanya. A WhatsApp kuma kin san ta: a kira mutum a ce taron ƙungiya za a yi, ya karanto lambobi shida da aka turo masa, shi ke nan an ƙwace asusun, a shiga neman rance da sunansa. Maganin duka biyun ɗaya ne. A kunna matakin tsaro na biyu, wato ƙarin lambar sirri kafin a shiga, a kowane asusu, sannan duk saƙon da ya ce a canja asusun biya, ta kowace hanya ya zo, sai an kira mutumin a lambar da aka san shi da ita tun da.

Yanzu ga shawarar ɗanki. Slack da Teams sun magance matsalar mallaka, domin asusun na kamfani ne, ke ke buɗewa ke ke rufewa. Wannan ya gani, kuma ya yi daidai. Sai dai Slack na kyauta saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa, na kuɗi kuma kan kowane mutum ake biya duk wata, farashinsa da dala aka yanka, sai ki ninka da 40. Teams yana da nauyi a ƙaramar wayar da hotuna suka riga suka cika. Mutanen da suka ƙi buɗe imel, ban ga abin da zai sa su buɗe sabuwar manhaja da Turanci ba. Abin da na saba gani shi ne a yi ɗoki na sati biyu, sannan kowa ya zame ya koma guruf, a ƙare da wuri uku maimakon biyu. Kafin ki kashe ko kwabo, ki tambayi wanda ya buɗe muku imel a ina ya buɗe. In Google Workspace ne, akwai manhajar hira ta Google Chat a ciki. In Microsoft 365 ne, mai yiwuwa Teams yana cikin abin da kike biya. In haka ne, mutanen ofis da ke zaune gaban kwamfuta su koma can da hirar aiki, direbobi da 'yan sito a bar su inda suke.

Ke 'yar kasuwa ce, kin san yadda ake yi a Dawanau: ciniki da baki ake yi, a ja, a sasanta, amma da an ce an sallama sai a jawo littafi. Haka za ki raba musu aiki. A tattauna a guruf yadda ake so, amma duk abin da ya shafi farashi, bashi, sakin kaya, hutu, ɗaukar aiki, gargaɗi ko alkawari da mutumin waje, bai tabbata ba sai ya shiga imel, kuma wanda ya yanke maganar shi zai rubuta. Layi uku ya isa: abin da aka yanke, wanda zai yi, da ranar. Ki faɗa musu da bakinki cewa Hausa ta halatta a imel, ba a buƙatar doguwar gaisuwa. Wannan kaɗai yana cire wa mutane da yawa tsoro.

Dalilin da ya sa ba sa buɗewa kuwa, babu abin da suke buƙata a ciki ne. Ki sa takardar albashi ta riƙa zuwa ta can, amincewar hutu da kuɗin tafiya su ma ta can, ki sa ɗanki ya zauna da kowa ya saita masa a waya. Kuma ke ce za ki fara kiyayewa. Ranar da kika amince da sakin buhu 200 da saƙon murya don kina sauri, dokar ta mutu, kowa ya gani.

Shi kuma guruf ɗin ki raba shi. Ɗaya na sanarwa, wanda admin kaɗai ke rubutu. Ɗaya na zirga-zirgar motoci da sito. Ɗaya na zumunci, inda barka da ta'aziyya da gayyatar suna za su samu wurinsu, don hana su ba zai yiwu ba, bai ma dace ba. Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya, kuma duk lamba, ta kuɗi ce ko ta buhu, a rubuta ta a ƙasa. Masu hulɗa da diloli ki saya musu layi da sunan kamfani, a sa WhatsApp Business a kai, a kunna adana hirarraki, layin ya zauna in mutum ya tafi.

Sai maganar dare. Faransa ta yi doka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017, wadda ta sa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu a tsara lokacin da mutum zai iya kashe waya ba laifi. Kamfanin motoci na Volkswagen a 2011 ya daina tura wa wasu ma'aikatansa na Jamus imel a waya rabin awa bayan tashi. Ke ba kya buƙatar doka. Ki ce bayan isha'i ba a jiran amsar kowa, abin gaggawa kuma kira ake yi. In tunani ya zo miki ƙarfe 11 na dare, ki rubuta a imel ki saita ya tafi ƙarfe 8 na safe, Gmail da Outlook duk suna da wannan.

Ki fara da canjin farashi na gaba. A tura shi ta imel, a guruf ɗin sanarwa a rubuta layi ɗaya cewa sabon farashi yana imel, kowane ɗan sito ya amsa can kafin ya buɗe sito. Wanda bai amsa ba zuwa ƙarfe 9, manaja ya kira shi. Sati biyun farko za a yi gunaguni, wasu za su ce sun manta kalmar sirri, don haka ɗanki ya kasance a kusa.